Ƙwallon Gora a Kan Ƙanƙarar Alƙahira

A shekararmu ta ƙarshe a Alƙahira ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya. Sai in sauko daga benenmu a unguwar Madinat Nasr da niyyar sayo gurasa, in ji yaron mota yana kiran wata unguwa da ban taɓa zuwa ba, in faɗa ciki. In sauka, in yi ta tafiya, in sha ruwan rake a tsaye, in sake hawa wata. Littafi kuwa in na buɗe, layi biyu ne sai in ji kamar an zuba mini kiyashi a wando. Ba yawon nake so ba. Ɗakin ne ba na iya zama a cikinsa, saboda wanda yake kwance a ciki.

Taubashina ne, ɗan kawuna. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi makaranta, tare muka sami gurbin karatu a Masar, shi a fannin shari'a, ni a harshen Larabci. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana", wai shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace. Ko a gaban manyan malamai sai ya miƙo mini jakarsa ya ce in riƙe wa ubangidana. Ni ma ban taɓa raga masa ba. Mutanen benenmu sun daɗe suna zaton faɗa muke yi, har mai gadin gidan ya taɓa hawowa zai raba mu.

Kawu ya rasu da hantsi, aka kai shi kafin azahar. Mu labari bai same mu ba sai bayan la'asar, muna fitowa daga darasi. Manya a gida suka yanke cewa kada taubashina ya zo, tunda an riga an rufe, jarrabawar ƙarshe kuma ta ƙarato. Mahaifiyarsa, da muke ce wa Inna, ba shi ta kira ba, ni ta kira.

"Ga ɗan'uwanka nan," in ji ta. "Marigayi ba shi da burin da ya wuce ya gan shi da takardar nan. Ka riƙe mini shi har ya zana jarrabawa. Kada ka bari ya taho."

Na ce, "In sha Allahu, Inna." Da sauƙin faɗi.

Taubashina bai yi kuka ba. Ɗalibai 'yan gida suka yi ta zuwa gaisuwa, yana amsawa daidai, "Allah ya ba da lada." Da ƙafa ta ɗauke sai ya kwanta ya juya wa duniya baya. Ya tashi ya yi salla, ya ci loma biyu, ya koma ya fuskanci bango. Bai kira gida ba, in an kira shi kuma ba ya ɗauka. Littattafansa suka yi ƙura a kan taga. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da na miƙa masa shayi ya ce, "Na gode, ɗan'uwa." Wallahi da zagina ya yi da na fi samun barci.

Babu abin da ban gwada ba. Na tuƙa masa tuwo da miyar kukar da muke ɓoyo don ranar salla. Na ɗauko wani babban ɗalibi ya zo ya yi masa nasiha a kan haƙuri, ya janyo aya, taubashina ya ƙarasa masa ita yana kwance, ya ƙara masa da hadisi. Na zage shi, na ce ragon namiji, ya ce Allah ya huci zuciyata. Idan bai shiga jarrabawar nan ba gurbin karatunsa ya tafi, shekarun da muka kwashe muna cin wake da gurasa sun tafi, ni kuma ban san da wane ido zan kalli Inna ba. Kullum sai na lissafa wannan a raina, sai in ji ɗakin ya matse ni, in zura takalmi in fice.

A irin wannan yawon ne wata Juma'a da safe zafi ya kora ni cikin wani katafaren gidan kantuna, don kawai in sha sanyin na'ura. Yawancin shagunan ba su buɗe ba. Ina hawa bene sai na ji wata ƙara, ƙwas, ƙwas, sanda tana dukan abu mai tauri. Kunnena ya gane ta kafin idona ya gani. Na bi ta har wani lungu, sai ga fili fari fat na ƙanƙara, an kewaye shi da katanga iya ƙirji. Bai fi tsakar gidanmu girma ba. Samari ne a ciki, har da 'yan mata biyu, kowa ya sha sulke da hular kwano, takalmansu da wani ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, suna sulalewa da gudu, suna rububin wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna masu lanƙwasa.

Ban san maganar ta fito fili ba. Na ce, "Ikon Allah! Ƙwallon gora!"

"Kai ɗan ina ne, ya waladi?"

Na waiga. Wani dattijo ne baƙi siriri a bayan kanta, takalman haya jere a bayansa. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a can, shi kuma yaƙi ya turo shi Alƙahira, unguwar Ard al-Liwa, daga can yake zuwa aiki nan. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, an yayyafa mata Larabci. Na durƙusa na gaishe shi, na ce masa Baba, ya jawo mini kujera, na ƙi zama.

A garinmu in an gama girbi, yara sukan fita faƙon bayan gari da ƙodagon goruba da sanduna masu ƙugiya a kai. A kasu biyu, a cire takalma a tara su tsibi-tsibi a matsayin raga, a yi ta fafatawa har a daina ganin ƙwallo. Ni ban taɓa zama gwani ba, ƙwaurina ne ya fi sandata taɓa ƙwallo. Taubashina kuwa sai wanda ya gani. Kawu da kansa yake shiga daji ya saro masa gora, ya gasa ta a wuta ya lanƙwasa, sannan ya zo gindin wata bishiya a bakin filin ya zauna yana tufkar igiya, wai shi ba kallo ya zo ba.

Juma'ar da ta biyo na koma, da wadda ta bi ta. Baba ya haɗa ni da mai horar da 'yan wasan, wanda kowa ke kira Kyaftin, wani Bamisire mai faɗin kafaɗa da ya yi ƙuruciyarsa a Kanada. Mutum ne mai son a tambaye shi. Ya ce mini wasan a can ya girma, inda tafki da kogi suke daskarewa har a yi tafiya a kansu. Baƙi 'yan Turai suka zo da wasanninsu na sanda da ƙwallo, suka tarar mutanen ƙasar ma suna da nasu, sanyi ya hana kowa fili, sai aka hau ƙanƙara. Da farko taron yuyuyu ne, duk wanda ya zo da sanda ya shiga. Da aka mayar da shi cikin gini sai aka ga ƙwallo yana tashi yana neman idon 'yan kallo, aka sauya shi da falalen katako, daga baya roba. Aka rage mutane, aka sa doka, aka sa sulke. Yana cikin bayani wani ɗan wasa mai kwance igiyar takalmi ya katse shi, ya ce duk wannan jiya-jiya ne, a je kudancin Masar a ga zanen kakanninsu a bangon kabari, mutum biyu da sanduna da ƙwallo a tsakani. Bamisire ai ko numfashi ka tambaye shi asalinsa, zai ce Fir'auna ne ya fara.

Na ce musu mu ma muna da shi, da ƙodago muke yi. Suka yi dariya, irin dariyar da ake yi wa yaro. Raina ya ɓaci, amma a kan hanyar komawa ɓacin ran ya zame mini dabara.

Na shiga ɗaki na tarar da taubashina yadda na bar shi. Na cire riga ina magana kamar da bango nake. "Yau na ji abin haushi. Wai su suka ƙirƙiro ƙwallon gora. A kan ƙanƙara ma suke yi, sun ce mu ba mu san shi ba."

Har na fid da rai. Can sai katifa ta motsa.

"Su wa?"

Rabon da ya tambaye ni wani abu tun kafin rasuwar. Na yi kamar ban ji daɗi ba, na ci gaba da zuba, na ƙara gishiri, na ce har cewa suka yi Bahaushe ba ya iya riƙe sanda. Wannan ƙarya ce, Allah ya yafe wa bakina. Ya ce, "Hmm," ya koma ya kwanta. Amma da Juma'a ta zagayo, ina zura takalmi na ga shi ma yana neman nasa.

A mota ban yi shiru ba. Ina ta nuna masa abubuwan da ya riga ya sani, ina tsara yadda za a yi a raina: ya motsa jini, ya ji yunwa, ya ci abinci, gobe ya buɗe littafi. Har na fara raba masa babi-babi a kwanakin da suka rage. Shi dai yana kallon taga. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Baba ya roƙa mana Kyaftin, ya yarda mu shiga a ƙarshen atisaye, lokacin da wasu suka fara fita. Aka ba mu takalma. Ni ina taka ƙanƙarar na rungumi katanga, ban kuma sake ta ba, don ni na san iyakata. Taubashina ya saki. Taku ɗaya, ƙafafunsa suka yi gaba, shi ya yi baya, tim! Ya tashi, ya sake faɗuwa. Wani saurayi ya miƙo masa sanda ya dogara, ya karɓa, ya juya ta a hannu, ya gwada nauyinta. Na ga yatsunsa sun sauka inda suka saba. Aka turo masa faifan a hankali, ya kai duka, takalmi ya kwashe shi, ya zube a kan kafaɗa. Wasu suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Kyaftin ya ce, "Ma'alesh, ba komai, kowa da haka ya fara."

Bai tashi ba. Ya zauna daram a kan ƙanƙara ya fara kwance igiya. Na zaci ya haƙura ne. Ya zare takalmi ɗaya, ya zare ɗayan, ya cire safa, ya haɗa takalman ya tura su gefe guda. Sannan ya miƙe da ƙafa tsirara.

A wurinmu haka ake yi. Ba a shiga fili da takalmi, don kada mai shi ya taka marar shi, kuma wanda ya tsinka silifa a wurin wasa ya san abin da zai tarar a gida. Duk wanda ya tashi a garinmu, in wasa ya yi wasa, ƙafarsa ce take neman ƙasa. Ni kaina da na gani, daidai na ga ya yi. Sam ban tuna cewa mutanen da ke kewaye da shi a kan wuƙaƙe suke tafiya ba.

Atisaye ya riga ya kankare saman ƙanƙarar, ta yi gari-gari, ƙafarsa ta sami abin kamawa. Ya taka, ya taka, ya ɗan ruga. Ya ɗauke faifan daga gaban wani dogon saurayi kamar ya ɗauki nasa, ya juya shi hagu, ya juya shi dama. Kyaftin ya hura usur, yana ihu kowa ya tsaya cik, kada wanda ya motsa, yatsu, yatsu! Duk suka daskare a inda suke. Shi bai ji ba. Ya ɗaga sandar sama da kansa, abin da a dokarsu laifi ne, a tamu kuwa shi ne duka, ya buɗe murya da Hausa kamar yadda muke yi a faƙo:

"Kauce!"

Babu wanda ya san me ya ce a cikin 'yan wasan, amma mai tsaron raga ya kauce. Faifan bai shiga ragar ba, katanga ya daka, ƙarar ta cika benen. Ya bi shi da gudu zai sake, santsi ya ɗauke shi, ya faɗi a kan gwiwa. Kyaftin ya sulalo ya sungume shi kamar buhu ya fitar da shi, yana faɗa da Larabci yana faɗa da Turanci. Ya juyo kaina ya wanke ni tas, ya ce mu mahaukata ne, ya ce kada ya sake ganinmu. Bai yi ƙarya ba.

Baba ya shigar da mu bayan kantarsa. Tafin ƙafar ya yi fari, ya ɗan tsage a gefe, jini yana tsattsafowa. Baba ya naɗe ƙafafun da tawul ya ɗora su a cinyarsa, yana ta faɗin, "La haula, ya waladi, la haula." Taubashina yana haki, idonsa a buɗe tar, irin yadda na daɗe ban gani ba. Da jini ya fara komawa yatsun sai zafi ya taso masa, ya cije leɓe, ya damƙi hannuna.

"Kai bawa," ya ce, "ka ga dukan nan?"

Daɗi ya kashe ni. Na ce, "Na gani. Katanga ka ci."

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya ce, "Wa ya wanke shi?"

Na ce ban sani ba.

"Wa ya shiga kabarin ya karɓe shi? A ina aka sa shi, kusa da kaka ko ta bakin hanya?"

Ban san ko ɗaya ba. Ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa ba. Nan ya kifa kai a kan kantar, a tsakiyar takalman haya masu warin ƙafar mutane, ya yi kukan da ya riƙe tun ranar. Baba bai hana shi ba, ya dai ci gaba da riƙe ƙafafun. Ni ma na yi nawa, kawuna ne. Amma ko a cikin kukan wani ɓangare na zuciyata murna yake, yana cewa shi ke nan, ƙurji ya fashe, gobe sai karatu.

A motar komawa ya ci gurasa biyu da wake, ya sha ruwan rake, ya ce wa direba ya rage gudu ba gawa ya ɗauko ba. Muna gab da sauka ya ce, "Zan tafi gida."

Na ce, "Bayan jarrabawa, in sha Allahu, tare ma."

"Cikin makon nan."

Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa mahaluƙi ba, a bakin titi, yana tsaye da ƙafa a naɗe cikin silifan Baba. Na tuna masa shekarun, na tuna masa burin kawu, na faɗa masa alƙawarin da na yi wa Inna. Na ce saura ƙiris, mutum ya ci tuwo ya gaza a lomar ƙarshe? Ya bari na gama, sannan ya ce, "Da ina kwance ban san abin da nake so ba. Yanzu na sani. Ina so in ga inda aka sa ubana, in ga wa yake ɗebo wa Inna ruwa. Ko na zauna a ɗakin jarrabawa ba abin da zan rubuta. Kai ka tashe ni, kada kuma ka ce in koma in kwanta."

Garin neman gira na rasa ido. Na haɗa shi da manyan ɗalibai, na sa an kira shi daga gida, wannan karon ya ɗauka, ya yi magana da Inna har katin ya kusa ƙarewa. Ban san me ya ce mata ba. Da ya miƙo mini wayar sai ta ce, "Bar shi ya taho, ɗana. Ka yi iya yinka." Muryarta ba ta yi kama da ta wadda ta ji haushi ba, ba ta kuma yi kama da ta wadda ta ji daɗi ba.

Ni na ɗaukar masa jaka zuwa filin jirgi, bai ko yi tayin karɓa ba, ya ce aikin bawa ne. Yana ɗingishi. A bakin ƙofar da ba a barin mai rakiya ya wuce muka tsaya, mu kuwa ba mu iya sallama ta hankali ba. Na ce, "Ka gudu, ragon namiji."

Ya ce, "Na gudu. Kai ka ƙarasa mana."

Na ƙarasa. Takarda ɗaya na kawo gida maimakon biyu. Shi yana garinmu, yana noma gonar kawu, yana koyar da yara da yamma, gurbin nan kuwa bai sake samuwa ba. Ya ce bai taɓa nadama ba, kuma na yarda da shi. Ni ne dai har yau in na ga an gabatar da wanda bai kai shi sani ba a gaban jama'a, shi yana zaune a baya, sai in ji zuciyata ta yi zafi, in rasa ko taimakonsa na yi ranar nan ko cutarsa.